Ɗana yana buga ƙwallo a kwalejin shekara biyu a Amurka, me ya rage mini in yi?

Wani dattijo daga Kaduna ne ya aiko da tambaya. Ɗansa ya gama shekarar farko a wata kwalejin shekara biyu a jihar Kansas, yana buga musu ƙwallon ƙafa a tsakiya, kuma burinsa ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri yana ci gaba da wasa. Mahaifin yana son sanin abin da zai iya yi daga gida: ya kira kocin ne, ko ya nemi ejan, ko ya zuba ido?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya raya mana yaron. Na yi shekaru ina zama da ɗalibai 'yan wasa irinsa muna lissafin kwasa-kwasansu, kuma abin da zan fara gaya maka bai cika yi wa iyaye daɗi ba. A filin ƙwallo ba ka da aiki. Aikinka yana kan takarda, kuma a kan takarda ne yawancin yaranmu suke faɗuwa. Na ga yaro wanda kociyoyi uku ke zawarcinsa, ya tashi a tutar babu saboda kwas ɗaya na lissafi da bai ɗauka ba. Ba ƙafarsa ce ta gaza ba.

Bari in shimfiɗa maka yadda gidan yake. Kwalejin da yake ciki tana ƙarƙashin NJCAA, hukumar da ke kula da wasannin kwalejojin shekara biyu, wadda aka kafa a 1938. Jami'o'in da yake hange kuwa gida biyu ne, wato hukumomin wasanni biyu ke kula da su. Akwai NCAA mai hedikwata a Indianapolis, da rukunanta uku: na ɗaya da na biyu suna ba da tallafin karatu saboda wasa, na uku ba ya bayarwa. Akwai kuma NAIA mai hedikwata a Kansas City, ta ƙananan jami'o'i, ita ma tana bayarwa. Kowane gida da dokarsa. Kuma ko ya cika sharuɗɗan hukumar wasanni, ƙofa ɗaya ya wuce cikin uku. Sai ita jami'ar ta karɓe shi a matsayin ɗalibi, sai kuma takardun zamansa a ƙasar sun bi shi. Koci ba shi da mabuɗin ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan, komai zaƙin bakinsa.

Tambayar farko da za ka yi wa yaron yau da daddare ita ce: ya buɗe rajista a cibiyar tantance cancanta ta NCAA, kuma wane hukunci suka yanke a kansa? Cibiyar tana duba karatun sakandarensa ta yanke ko ya cancanta tun daga sakandare, ko bai cancanta ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. A ƙa'idar da rukuni na ɗaya ya daɗe a kanta, wanda ya cancanta zai iya tashi daga kwalejin ko bayan zango ɗaya, muddin yana samun kiredit 12 masu karɓuwa a kowane zango. Wanda bai cancanta ba kuwa sai ya kammala diflomar kwalejin, ya yi aƙalla zango uku cikakku, ya tara kiredit 48 masu karɓuwa, a cikinsu shida na Ingilishi, uku na lissafi, uku na kimiyya. Da yawa daga yaran da suka zo daga Nijeriya da Ghana ba a taɓa tantance su ba, domin kai tsaye suka shiga kwalejin, kuma wanda ba a tantance ba sharuɗɗa masu tsaurin ne ke hawa kansa. To ga aikinka na farko, wanda babu mai yi sai kai. Cibiyar tana son sakamakon WAEC ko NECO, da takardun makinsa na makaranta na shekara huɗu na ƙarshe, wato daga aji uku na ƙaramar sakandare har ya gama. Ka taka da ƙafarka zuwa makarantar, ka zauna da shugabanta, a fitar da takardun, a buga hatimi, a aika ta hanyar da cibiyar ta tsara. Ka duba da idonka cewa sunan da ranar haihuwar da ke jikinsu sun zo daidai da na fasfo. Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan kaɗai ya isa ya riƙe fayil makonni. Jarabawar shiga jami'a ta SAT da ACT kam NCAA ta daina neman su tun 2023, ko da yake wata jami'ar tana iya nema don kanta.

Kalmar kiredit tana rikita iyayenmu, don haka in tsaya a kanta. A gida, idan yaro ya ce ya samu kiredit, yana nufin C6 ko sama, sai a yi hamdala. A Amurka kiredit awo ne na nauyin kwas, yawancin kwasa-kwasai uku-uku suke ɗauka. Maki kuma dabam: A huɗu, B uku, C biyu, D ɗaya, a haɗa a raba a fitar da abin da suke kira GPA. Yaron da ya jera C daga sama har ƙasa yana da 2.0. A 2012 rukuni na ɗaya ya ɗaga abin da yake nema daga ɗan kwalejin shekara biyu zuwa 2.5, rukuni na biyu kuma ya tsaya a 2.2. Hukumar NJCAA ta daɗe tana kukan cewa an fi tsananta wa yaranta a kan sauran masu sauya makaranta, tana neman a sassauta. Ko an sassauta ko ba a sassauta ba, ni ba na barin yaro ya yi lissafi da ƙasa da 3.0, kuma zan faɗi dalilin idan mun zo maganar kuɗi.

Sannan ba GPA ɗin da ke jikin takardar kwalejinsa za a duba ba. Sabuwar jami'ar za ta tsame kwasa-kwasan da take karɓa, ta sake lissafi da su kaɗai. A nan ne ake kuka. Kwasa-kwasan share fage, irin Ingilishi ko lissafin da ake sa ɗalibi ya fara yi kafin na ainihi, ba sa shiga. Kwasa-kwasan motsa jiki, waɗanda 'yan wasa ke cika takarda da su saboda A ɗinsu a arha take, kiredit biyu kacal rukuni na ɗaya yake ƙirgawa, sai fa idan fannin da zai karanta ke nan. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar kwas ɗin da aka ci da D, amma D ɗin tana nan tana jan makin ƙasa. Yaro zai ce maka, Baba, ina da 3.1, a gama tacewa a ga 2.4.

Ka tambaye shi kuma wace irin difloma yake yi. Mai suna AA ko AS an gina ta ne don wucewa jami'a. Mai suna AAS ta koyon sana'a ce, walda, gyaran mota, sanyaya ɗaki, sana'o'i masu albarka, amma yawancin kiredit ɗinsu ba sa bin mutum zuwa digiri. Ka kuma tambayi kiredit nawa yake ɗauka a zango. Sha biyu shi ne mafi ƙarancin da zai riƙe masa biza da damar wasa, shi ya sa yara suke lafewa a kansa. Amma diflomar kusan 60 take nema, kuma 12 sau huɗu 48 ne. Wanda bai ɗauki 15 a zango ba zai wayi gari a watan Mayu da giɓin kwas huɗu. Cike giɓin da karatun bazara ma yana da iyaka ga wanda bai cancanta tun sakandare ba: kiredit 18 gaba ɗaya, kuma kada su wuce tara a bazarar da zai tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani tarko da ko kociyoyin kwaleji kan manta da shi. Rukuni na ɗaya yana son ɗan wasa ya kasance ya ci kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. A digiri mai kiredit 120, kashi 40 shi ne 48, kuma ba kowane 48 ba, sai waɗanda suka shiga cikin ainihin fannin da ya zaɓa a sabuwar jami'ar. Yaron da ya yi shekara biyu yana karatun gama-gari, ya je ya ce injiniya zai yi, zai iya tarar da rabin kiredit ɗinsa ba su da gurbi a wannan fannin. Daga nan sai a ce masa ko ya canza fanni ko ya zauna a benci. Na san kana da burin abin da kake so ya zama, kowane uba yana da shi. Ku yi wannan maganar yanzu, kai da shi da mahaifiyarsa, a tsayar da fanni, ya je wurin mai ba shi shawara a kwalejin su jera kwasa-kwasan zango biyun da suka rage a kan wannan fannin.

Kada ka yi mamaki idan ka rubuta wa kwalejin suka ƙi gaya maka makinsa. Ba raini ba ne. Wata dokar tarayya ta 1974, FERPA, ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga kwaleji. Akwai fom da zai sa wa hannu a ofishin rajistara ya ba ka izini. Ka nemi ya yi, cikin lallami. Ni dai na fi son uba ya ce, turo mini takardar sakamakon mu duba tare, a kan ya tsaya a "karatu lafiya?" a amsa masa da "lafiya lau".

Sai agogo. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta a rukuni na ɗaya ita ce shekara biyar don buga kaka huɗu, kuma agogon yana fara bugawa ranar da yaro ya fara cikakken karatu a kowace babbar makaranta, ko a ina take. Idan ya taɓa yin zango a wata jami'a ko kwalejin kimiyya a gida kafin ya tafi, a faɗa tun yanzu. Rukuni na biyu da NAIA zango goma suke ƙirgawa, kuma nasu yana tsayawa idan ba ya makaranta. Kaka biyun da zai kammala a kwaleji ana cire su, saura biyu. Wannan dokar tana rawa a kotu. A Disamban 2024 wani alƙalin tarayya a Tennessee ya ba Diego Pavia, ɗan wasan ƙwallon Amurka na jami'ar Vanderbilt wanda ya fara daga kwalejin New Mexico Military Institute, damar ƙarin kaka, bayan ya yi ƙarar cewa bai kamata a ƙirga masa shekarun kwaleji ba. NCAA ta biyo baya da sassauci na kakar 2025 zuwa 2026 ga masu irin halinsa. Yara sun ji labarin, kowa yana cewa yanzu shekarun kwaleji kyauta ne. Kada ku gina komai a kan wannan. Duk jami'ar da ta nuna sha'awa, tana da ofishin kula da bin ƙa'idojin wasanni. Su rubuto kaka nawa suka lissafa masa.

Wani abin da ya shafi yaranmu musamman: abin da ya yi tsakanin gama sakandare da tafiya. NCAA tana ba da shekara ɗaya ta rangwame bayan sakandare. Wasannin gasa da aka buga bayan wannan shekarar suna iya cin kaka. Za kuma su tambayi ko ya taɓa sa hannu a kwantiragi, ko an biya shi fiye da kuɗin mota da abinci, ko ya yi yarjejeniya da ejan. Kai ne ka san kulob-kulob da makarantun ƙwallon da ya bi a Kaduna. Ka rubuta su da shekarunsu, ka nemo duk takardar da aka taɓa sa wa hannu, ya faɗi gaskiya. Abin da aka bayyana ana iya warware shi. Abin da aka ɓoye aka gano daga baya shi ke kashe tallafi a tsakiyar kaka.

Wannan ya kawo mu ga ejan. Ba ka buƙatarsa. Babu wanda ke sayar da gurbi a jami'ar Amurka, kuma duk wanda ya ce ka turo dala kaza ya sama wa yaro rukuni na ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Adireshin imel na kowane koci yana shafin jami'arsa kyauta. Yaron ne zai rubuta, da kansa: sunansa, wurin da yake bugawa, makinsa, watan da zai gama, gajeren bidiyo na minti uku zuwa biyar, da cikakken wasa ɗaya ga mai son gani. Kakarsu daga Agusta zuwa Nuwamba take, don haka saƙon ya fita kafin a fara, a sake bin sa da sabon bidiyo a tsakiyar kaka. Ya rubuta wa da yawa, a rukunai dabam-dabam.

Kiran koci kuwa, ka kira sau ɗaya ka yi godiya, ka tambayi halin yaron, shi ke nan. Kocin jami'a kafin ya ɗauki ɗan kwaleji sai ya kira kocin kwalejin, kuma bayan ya ji yadda ƙafar take zai tambayi yadda yaron yake, da yadda gidansu yake. Uban da ke kira yana faɗan an ajiye ɗansa a benci, labarinsa yana riga ɗan isa. A al'adarmu babba ne ke shige wa yaro gaba wajen nema, ko aure ko aiki. A can, koci yana son jin muryar wanda zai horar. Idan aka shirya hira ta bidiyo aka gayyace ka, ka zauna, ka bar shi ya yi magana, ka ajiye tambayoyinka na kuɗi zuwa ƙarshe.

Kasuwar ma ta canza a kan ɗan kwaleji. Tun Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rumbun da 'yan wasan jami'o'i masu son sauya sheƙa ke sa sunansu, kuma daga 2024 suna iya sauyawa ko sau nawa su fara wasa nan take idan karatunsu ya cika. Ɗanka ba ya buƙatar shiga rumbun, amma da mutanen cikinsa yake takara. Ga kuma sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka shigar a kan NCAA, da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da shi a Yunin 2025, wanda ya sa jami'o'in da suka shiga tsarin suka koma ƙayyade yawan 'yan wasa, 28 a ƙwallon ƙafa ta maza. Kujeru sun ragu. Koci mai gurbi ɗaya da yara biyar a gabansa zai ɗauki wanda takardunsa ba za su ba shi ciwon kai ba.

To, kuɗi. Kafin wannan sulhun, kuɗin cikakken tallafi 9.9 ne kacal ƙungiyar maza ta rukuni na ɗaya take rabawa tsakanin yara kusan talatin, rukuni na biyu tara, NAIA sha biyu. An cire wa wasu wannan iyakar, amma cire iyaka bai zuba kuɗi a asusun kowa ba, kuma ƙwallon ƙafa ba ita ke kawo wa jami'o'in Amurka kuɗi ba. Cikakken tallafi a wannan wasan abu ne mai wuya. Abin da aka fi samu shi ne rabi ko sulusi, a cike da tallafin ƙwazon karatu, wanda jami'o'i da yawa ke ba masu zuwa da maki mai kyau. Dalilin 3.0 ɗin ke nan. Ɗalibin waje ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, aikin da biza ta yarda masa a cikin makaranta ne, awa 20 a mako lokacin karatu, kuma kuɗin tallace-tallacen da aka halatta wa 'yan wasa tun Yulin 2021 yana iya jefa mai bizar ɗalibi cikin matsala. Saboda haka kada kashi ya ruɗe ka. Kashi 70 a jami'a mai tsada yana iya barin ka da bashin da ya fi na kashi 40 a mai arha. Tambaya ɗaya ce: dala nawa za su fita daga aljihuna a shekara, bayan kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai da inshorar lafiya? Ka tambayi inda zai kwana idan an rufe ɗakunan kwana a hutun Disamba. Ka kuma sani ana cire harajin kashi 14 daga ɓangaren tallafin da ya shafi ɗaki da abinci ga ɗaliban ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, kuma Nijeriya ba ta da ita. Idan tallafin ɗaki da abinci dala 10,000 ne, dala 1,400 za ta biyo ku.

Alkawarin baka ba ya ɗaure kowa. A Oktoban 2024 rukuni na ɗaya ya soke tsohuwar takardar alkawarin shiga, yanzu abin dogaro shi ne rubutacciyar yarjejeniyar tallafi daga jami'ar. Ku karanta ta tare. Ta shekara nawa ce? Yawanci ɗaya ce, ana sabuntawa. Me zai faru idan ya ji rauni, ko kocin ya bar aiki? Kada ya ce wa sauran masu nemansa ya gode sai wannan takardar da ta shaidar karɓarsa sun zo hannu.

Kan zaɓen rukuni, ina da ra'ayi kuma ba na ɓoye shi. Gaskiya ne Jimmy Butler, ɗan wasan ƙwallon kwando, daga kwalejin Tyler ta Texas ya wuce jami'ar Marquette ta rukuni na ɗaya, Dom Dwyer ɗan ƙwallon ƙafa ma daga Tyler ɗin ya wuce jami'ar South Florida kafin ƙungiyar Sporting Kansas City ta ɗauke shi a 2012. Amma Ben Wallace daga kwalejin Cuyahoga rukuni na biyu ya tafi, Virginia Union, kuma ya ci kofin ƙwallon kwando na NBA da Detroit a 2004. Benjamin Azamati na Ghana yana rukuni na biyu, a jami'ar West Texas A&M, ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.97 a 2021. Kaka biyu ce ta rage wa ɗanka. Inda zai buga wasa, ya fita da digiri ba bashi, ya fi inda zai ɗumama benci saboda a ce a Kaduna yana rukuni na ɗaya. Idan ya je ziyara, ya tambayi yaran ƙungiyar yadda kocin yake yi da mai azumi, da ko akwai masallacin Juma'a kusa. Su za su faɗa masa abin da kocin ba zai faɗa ba.

Na bar biza a ƙarshe domin kuskurenta ne ba ya gyaruwa. Yaron yana zaune ne a kan takardar I-20 ta kwalejinsa, wato shaidar da makaranta ke ba ɗalibin waje. Idan sabuwar jami'a ta karɓe shi, jami'in ɗaliban waje na kwalejin zai tura can fayil ɗinsa na SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗaliban waje, su fitar da sabuwar I-20, kuma ba za su fitar ba sai sun ga shaidar banki ta kuɗin da tallafi bai rufe ba. Wannan ma naka ne, ka fara shirinsa da wuri. Kwana 60 aka saba bayarwa bayan kammala karatu a yi wannan turawar, kuma a Agustan 2025 gwamnati ta gabatar da shirin rage su zuwa 30, don haka a gama komai kafin ranar yaye su. Abu mafi nauyi shi ne tafiya. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, sannan a Disamba ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta dakatar wa sabbin bizar ɗalibai. Wanda yake ciki da I-20 mai rai yana zaune lafiya ko da tambarin bizar da ke fasfonsa ya ƙare, amma idan ya fita sai da biza mai aiki zai koma. Na san an yi kewarsa, na san mahaifiyarsa za ta so ya zo hutu ko Sallah. Kada a saya masa tikiti sai ya zauna da jami'in ɗaliban waje, an duba fasfon da ranar da ke jikin bizar, jami'in ya ce masa zai iya dawowa.